Rawanin da Na Ɗinka wa Baba

Ku 'ya'yana, da jikokin da suka iya karatu, akwai wata magana da ke yawo a gidan nan da nake so in gyara tun bakina yana motsi. Kun tashi kuna jin ana cewa kakanku Malam Haruna ya taɓa yin rikicin tsufa, ya yi wata uku bai san gabas ba bai san yamma ba, daga baya Allah ya ba shi lafiya. Ba haka aka yi ba. Hankalin Baba bai taɓa gushewa ba ko na yini ɗaya har ya koma ga Mahaliccinsa. In akwai wanda ya rikice a waccan shekara, to ga shi nan zaune yana rubuta muku wannan. Na bar maganar ta yi ta tafiya a karkace ne don tana rufa mini asiri, yanzu kuwa na tsufa, kunyar ta yi sauƙi.

Agana ce ta ɗauke wa Baba ido tun yana ɗan shekara bakwai ko takwas, amma bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Sana'arsa tufka. Yakan jiƙa rama, ya zauna a zaure ya miƙe ƙafa yana murzawa a cinya, ya fitar da igiyar guga da ta ɗaure jaki, irin wadda sai ka gaji da ita ka yar ba ta tsinke ba. Kullum da walaha sai ya saɓa ƙullin igiyoyinsa a kafaɗa, ya ɗauki sandarsa ta gora, ya fita daga gidanmu na Koki ya nufi kasuwar Kurmi shi kaɗai. In wani ya yi masa tayin jagora sai ya ce wanda Allah ya bar wa kunne biyu me zai yi da idon aro. Da kunne yake tafiya. A lungun da bango ya matse, ƙarar sandarsa takan dawo masa da sauri, in ya fito fili kuma sai ta baje. Ya san maƙerar da ke hannun hagu, ya san gidan da turminsu yake da tsaga, ya san inda masu bugun tufafi suke. Muna yara mukan jefa ƙwallon dabino a tsakar gida, ya nuna inda ya faɗi da kan sanda. Tattabara ta sauka a kan soro, wani ya ce a kan zanko take, Baba ya ce a'a, a kan indararo, a leƙa a tarar haka ne.

To, kun san kunnuwan gidanmu, kowa ya shafa nasa. Manya ne, a buɗe, sun ɗan yi gaba kamar an kafa faifai biyu a jikin kai. Daga Baba muka gada. Ina yaro na sha dambe a kansu, don yaran unguwa ba sa kirana sai da mai kunnen zomo, ni kuma Allah ya yi ni da saurin zuciya. Na girma ina jin kunyar kunnuwana, ina danna hula har ta kwantar da samansu. Shi kuwa Baba ko a jikinsa. Kansa kullum a aske yake tal, ga 'yar farar hular nan da ake kira tashi-ka-fiye-naci a can tsakar ka, kunnuwan a waje suna shan iska.

Sai kuma ku san wani abu da ku yaran yanzu, masu hawa cinyar ubanku kuna ja masa gemu, ba lallai ku gane ba. Ni ne ɗan fari. A gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Baba bai taɓa kiran sunana ba, Inna ma haka. Tsakanina da shi gaisuwa ce, in durƙusa, ya amsa a taƙaice, in tashi. In yana son wani abu daga gare ni, ko ina tsaye a gabansa, sai ya juya ga wani ya ce a gaya wa mutumin nan kaza. Mutumin nan, shi ne sunana a bakinsa. Ba ƙiyayya ba ce, mun san juna sarai, amma duk maganar da ke tsakaninmu sai ta bi ta bakin wani.

Abin ya faru ne a shekarar da soja suka fara cewa za su koma bariki su bar wa farar hula mulki. Lokacin ina da shagon ɗinki a bakin lungunmu, kuma a shekarar keken ɗinkina bai huta ba, don kowa ya zama ɗan siyasa, ɗan siyasa kuwa ba ya fita sai da babbar riga. Wani ɗan takara na yankinmu, ba sai na faɗi sunansa ba, ya mai da shagona wurin hira. Ya zo ya zauna a kan benci yana ce mini babban tela, mutane suna gani, kaina kuwa yana ta kumbura. Ran nan ya ce zai zo gida ya gai da mahaifina. Maimakon in yi murna sai gabana ya faɗi. Na hango Baba a zaure da rama a cinya, da 'yar hularsa, da kunnuwan nan. Allah ya yafe mini, na ji kunyar ubana.

Sai na ce zan yi masa rawani. Na sayo harsa mai kyau, farin yadin nan mai laushi da malamai ke naɗawa. Na yi tunanin in ya warware a hanya wa zai gyara masa, sai dabarar tela ta zo mini. Na ɗinka hula mai zurfi da shafi biyu, na naɗa harsar a kanta, na bi kowane naɗi da allura na kama shi, ya zama rawanin da ake sawa kamar hula. Ba ni da fuskar da zan je in zagaya kan Baba da abin awo, don haka na auna nawa, tunda kanmu ɗaya. Da na zo wurin kunnuwa sai na ƙara zurfi na matse, yadda za su kwanta luf a jikin kai, ba a ganin ko gefensu. Na gwada a gaban madubi, na ga kaina ba kunne, na ce yau ga mutum. Kwana huɗu na yi a kansa, kuma har yau ban yi ɗinkin da ya fi shi tsafta ba.

Mahaifiyarku Binta na ba, ta kai masa, ina laɓe a bakin zaure. Ta durƙusa ta ce:

"Baba, ga saƙo in ji mai shago."

Ya karɓa ya bi shi da yatsu, naɗi bayan naɗi, ya daɗe yana shafawa. Ya cire 'yar hularsa ya sa. Ya karkata kai hagu, ya karkata dama, kamar kazar da ta ji motsin shaho. Can ya ce:

"Allah ya yi albarka. A gaya wa mutumin nan an gode."

Inna ta rangaɗa guɗa daga cikin gida. Ni kuwa na koma shago ƙafata ba ta taɓa ƙasa don daɗi. Ɗan takarar ya zo ranar da ya ce, bai ko zauna ba, ya gaisa a tsaye ya yi alkawarin famfo ya fita. Da ya ci zaɓe ba mu ƙara ganin ko ƙurar motarsa ba. Amma rawani ya zauna. Washegari da Baba ya fita da shi, unguwa ta ɗauka, wannan ya ce haihuwa mai rana, wancan ya ce Malam Haruna ashe ɗanka ya iya allura haka. Mutum biyu suka zo shago suka ce su ma irinsa suke so.

Ba a yi mako ba aka fara kawo mini labari. Wani magini yana yaɓe a kan soro ya ɗaga murya ya gai da Baba, sai Baba ya juya baya ya rusuna yana amsa wa jakin da aka ɗaure a jikin bango. Mutane suka yi ta dariya, shi ma ya taya su, ya ce jakin ma ai maƙwabci ne, yana da haƙƙin gaisuwa. Na ji na yi dariya. Bayan kwana kaɗan mai keke ya buga ƙararrawa a bayansa, Baba ya ɗauka a gabansa yake, ya ja da baya, suka zube tare da igiyoyin. Wannan ban yi dariya ba. Na uku ya zo a tsakiyar damina. Motar 'yan siyasa mai lasifika ta taho a kan babbar hanya tana waƙa, Baba ya rasa ta ina take zuwa, ya kauce inda bai kamata ba, ya afka kwata. Aka kawo shi gida ƙaurinsa yana jini, rigarsa ta yi baƙi, amma rawanin yana kansa, ya dafe shi da hannu ɗaya.

Na kai shi asibiti. Malamin asibitin ya ce a cire rawanin, na karɓa na rungume. Ya leƙa kunnuwan, ya koma can ƙarshen ɗaki ya yi raɗa, Baba ya maimaita masa kalma bayan kalma, har ya ƙara da cewa agogon hannunsa yana da ƙara. Malamin ya yi dariya ya ce kunnen tsohon nan ya fi nawa da naka in an haɗa. Ku duba fa, ina tsaye rungume da ciwon a ƙirjina ina tambayar ina ciwon yake. Na mayar wa Baba da rawanin a ka muka fito. A hanya na yanke hukunci, kamar yadda na saba yanka yadi kafin in gama awo. Na ce tunda kunne lafiya lau, to kansa ne ya fara taɓuwa, tsufa ya zo.

Da na gaya wa Binta cewa Baba ya daina fita daga yau, ta ajiye tsintsiyar hannunta ta ce:

"Malam, ni fa ban ga rikici a tare da Baba ba. Jiya allurata ta faɗi a tsakar gida ina ta nema, daga bakin ɗakinsa ya ce in duba gindin randa. Can na same ta."

Na ce, "Cikin gida ai ko mai rarrafe ya san hanya. So kike sai mota ta take shi a ce ɗansa yana shago yana ɗinki?"

Ta ce, "A dai bincika."

Na ce na gama bincike. Ban tsaya na tuna cewa a cikin gida Baba yakan cire rawanin ya rataya ba. Na ɗauki sandarsa daga kusurwar zaure inda take jingine, na kai shago na soka ta a azara. Washegari da walaha ya haɗa igiyoyinsa, ya miƙa hannu kusurwa, hannun ya taɓa bango. Ya laluba sama, ya laluba ƙasa, ya ce:

"Binta, ina abokiyar tafiyata?"

Ta gaya masa tana hawaye. Ya daɗe a tsaye da igiyoyin a kafaɗa, sannan ya sauke su ya ce:

"To. Shi ne babba yanzu."

Ya zauna. Wata uku ya yi a zauren nan. Bai daina tufka ba, igiya ta yi ta taruwa har ta kai rabin bango. Da yake zaure wurin shigowar mutane ne, da rawanin yake yini. Duk wanda ya wuce sai ya tsai da shi ya tambayi labarin kasuwa, wa ya zo, wa ya mutu, rama ta yi tsada ko ta sauka. Sannu a hankali tambayar ma ya daina. Barkwancinsa ya tafi, tuwo ya fara dawowa da saura. Ni kuwa duk wanda ya tambaye ni sai in sunkuyar da kai in ce ai sai addu'a, tsufa ne, ana ta yaba mini wai ina kula da mahaifi. Daga bakina maganar rikicin nan ta fito, ku sani.

Wanda ya warware abin shi ne Baba Modu wanzami, Babarbare ne na Ƙofar Ruwa, abokin Baba tun suna samari, kuma shi ke yi masa aski duk Juma'a. Tun kafin damina ya tafi Barno jinyar wansa, bai dawo ba sai bayan an miƙa mulki, gari yana ta murna, rediyo ba ta da zance sai na sababbin masu mulki. Ranar Juma'a da hantsi ya yi sallama da zabirarsa a rataye. Ina shago aka ce in zo yana kira. Na tarar ya cire wa Baba rawanin, ya jiƙa kan, amma bai fara askin ba. Ya kama kunnen Baba da yatsu biyu yana duba bayansa, inda matsi ya yi sayi har fata ta yi kanta. Ya dube ni ya ce:

"Yusufa, wa ya ɗaure wa Haruna kunne?"

Na ce, "Baba Modu, ba ɗauri ba ne, rawani ne. Ni na ɗinka."

"Na ga alama. Tun yaushe ya fara faɗuwa?"

Na yi lissafi a zuci, na ga tun da ya fara sa rawanin ne. Amma taurin kai bai bar ni ba. Na ce ai harsa ce, ko raɗa aka yi yana ji ta cikinta, an ma gwada shi a asibiti. Baba Modu ya ce shi bai yi boko ba, amma jiki ya fi kunne ji, in zo in zauna. Ya zaunar da ni a tsakiyar zaure a kan tabarma, ya ɗaure mini ido da ƙyallen da yake yafa wa masu aski. Kafin ka ce kwabo maƙwabta sun cika ƙofa, Binta da Inna suna leƙe ta cikin gida. Ya ɗauko ƙahonsa na yin ƙaho yana ƙwanƙwasa shi da bayan aska, ya ce duk inda na ji in nuna. Ya buga a dama na nuna, ya buga a baya na nuna, ya ɗaga sama na nuna. Na ce to sai me.

Sai ya ɗauko rawanin ya danna mini har wuya. Ya buga a hagu, na nuna hagu. Na fara murmushin nasara. Ya sake bugawa, na ji ta tsaf, na miƙa hannu gabana da ƙarfin gwiwa, sai zaure ya ɗauki dariya. Ashe yana tsaye a bayana. Ya sake, na juya baya, ashe a gaban hancina yake. Ya hau kan dakalin zaure ya buga a saman kaina, na sunkuya ina nuna tabarma. Wani maƙwabci ya ce a kawo jakin nan babban tela ya gaishe shi. Ƙarar ina jin ta, ba ta ragu da yawa ba, amma ba ta da wuri, kamar a cikin kaina ake bugawa. Cikin dariyar mutane na tsinkayi wata da na yi wata uku ban ji ba. Baba ne, yana dariya har yana tari.

Na cire ƙyallen da rawanin, gumi yana zuba mini. Baba Modu ya kama kunnena ya ja, kamar yadda ake yi wa yaro, ni da gemuna, ya ce:

"Shekara arba'in ina kewaye kunnuwan mutane da aska, ban taɓa ganin biyu iri ɗaya ba. Kana tsammani Allah ya yi waɗannan lanƙwashe-lanƙwashen don ado ne? Garin neman gira ka rasa ido. Haruna, gaya masa, kai ne mai abin."

Baba ya goge hawayen dariya, ya juya ga abokinsa kamar ba na wurin, ya ce:

"Modu, hagu da dama ba wuya, ƙoƙon kai ne ke raba su. Ƙara takan riga isa kunne ɗaya, kai ya tare wa ɗayan, ka san ɓangaren da ta fito. Amma gaba da baya, sama da ƙasa, wannan aikin fatar kunne ne. Abin da ya taho ta gaba tana tarbarsa ya shigo garau. Na baya sai ya kewayo ta, ya iso a ɗan dushe. Na sama da irin tasa muryar. In ka kwantar da ita, duk sun zama ɗaya."

Ke Hauwa, da kika yi karatun jinya na ba ki wannan labari a taƙaice, kika ce haka yake a littattafanku, har da cewa kowa da irin kunnensa yake koyon ji. To kakanki a lungunan Koki ya karanta nasa.

Ni dai a lokacin abu ɗaya ne ya tsaya mini. Na tambayi Baba Modu ko Baba ya san haka tun farko. Ya ce tambaye shi mana, ga ka ga shi. Ban iya ba. Baba ne ya amsa, har yanzu fuskarsa tana wajen abokinsa:

"Tun da na sa shi na sani. Amma Modu, tambayi mutumin nan, tun da aka haife shi me ya taɓa ɗora mini a ka? Wannan ne na farko. Unguwa ta gani, ta yaba. In cire shi a hanya, gobe a ce ɗan Haruna ya ɗinka abin da ubansa ma ya kasa sawa? Sana'arsa ce fa. Na ce bari in daure, kunne zai koyi sabuwar hanya. Ya ma fara koya, na fara raba na gaba da na baya kaɗan-kaɗan. Da an bar ni wata biyu ina fita da wataƙila na saba. Sai aka ɗauke sandar."

Ba wanda ya sake dariya. Maƙwabta suka zame ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa jin ina son Baba kamar ranar ba. Ni ina jin kunyar kunnuwansa, shi kuwa ya gwammace ya faɗa kwata da a ce ɗinkina bai yi ba. Na tashi na je shago na zaro sandar daga azara, na goge ta da hannun rigata, na kawo na jingina ta a kusurwarta da ƙarfi yadda za ta yi ƙara.  Baba dai ya miƙa wa Baba Modu kai ya ce a yi askin nan kada a rasa Juma'a.

Kada ku ɗauka an tashi ba asara. Gurbin da Baba ya yi shekara talatin da wani abu yana zama a kasuwa, da aka ji ya rikice, an ba wani. Da ya koma sai a gefen rumfa ya samu, inda rana ke dukansa da la'asar. Masu sayen igiyar gugarsa da yawa sun koma wani wurin, kuma a daidai lokacin igiyar roba ta fara shigowa, waɗanda suka tafi ba su dawo ba. Ƙafafunsa ma zaman wata uku ya ci su, tafiyar da yake yi a miƙe ta koma sai ya huta sau biyu a hanya. Bai taɓa ambata ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ko ta bakin wani. Ni ne nake ambata muku.

Ranar Asabar da walaha ya sa 'yar hularsa, ya saɓa igiyoyi, ya ɗauki sanda ya fita. Na ce wa kaina zan zauna a shago, amma zuciyata ta ƙi. Ina ta hango kwata da motoci. Na bar shi ya yi nisa, na cire takalmana na riƙe a hannu, na bi shi a hankali ina raɓa bango. Ya wuce maƙera ya ɗaga musu murya, suka ajiye guduma suna yi masa barka. Mai keke ya taho ta baya, tun kafin ya buga ƙararrawa Baba ya matsa gefe. Wata mata ta gaishe shi daga kan soro tana shanya, ya ɗaga kai daidai inda take ya amsa. Ina biye, ina murna, ina kuma tsoro.

Daf da inda lungu zai fita babbar hanya akwai wata tsohuwa, Iya Abu, da ke sayar da dafaffiyar gyaɗa a ƙofar gidanta. Baba ya tsaya suka gaisa, ta yi masa barka da fitowa. Na maƙale a jikin bango ina riƙe numfashi. Sai na ji ya ce:

"Iya Abu, akwai wani mutum a bayana, taku goma sha biyu haka, ta hannun dama. Ya cire takalmi wai don kada a ji shi, amma hakinsa kaɗai ya ishi unguwa."

Ta leƙo ta gan ni da takalma a hannu, ta toshe baki da gefen zane. Baba ya ce:

"Ki ce masa ɗinkin nan ya yi kyau. Hannuna bai taɓa bin ɗinki mai kyau irinsa ba, zan riƙa sa shi ranar Idi ina zaune. Ki kuma ce masa ya koma shagonsa, mutane suna jiran rigunansu. Daga nan na san hanya."

Iya Abu ta ce, "Tela, ka dai ji."

Na ji. Ya gyara igiyoyin a kafaɗa, ya buga sandarsa sau biyu a ƙasa ya saurara, ya shiga babbar hanya, cikin motoci da amalanke da jakuna. Ƙafata ta ɗaga za ta bi shi, na mayar da ita. Na tsaya a wurin har ƙarar sandar ta ɓace cikin hayaniya, sannan na sa takalmana na koma shago.